Kafin Ka Yanke Waya: Yadda Ake Gyara ko Sauya Rediyon Mota da Kuɗi Kaɗan

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Mararrabar Jos da yamma, inda hanyar Jos ta rabu da babban titin Kaduna zuwa Zariya, ya san yadda wurin yake cika. Tireloli da tankoki sun jeru a gefen hanya, 'yan kamasho na kiran fasinja, masu shayi sun hura wuta. Idan ka bi ta gefen motocin a hankali, kowace da abin da ke fita daga cikinta. Wannan labarai, waccan karatun Alƙur'ani, ta gaba waƙa. Ga direban da zai kwana bisa hanya, rediyo abokin hira ne, shi ke kore masa gyangyaɗi, shi ke gaya masa halin da ƙasa ke ciki. Mu a Katabu har da ƙarin dalili, domin gidan rediyon Nagarta a nan yake, daga nan muryarsa ke tashi a kan kilohaz 747 zuwa garuruwa masu nisa.

Shi ya sa ranar da rediyon mota ya yi shiru, mai mota ba ya iya haƙuri. Sai ya garzaya wurin mai wayarin, a leƙa sau ɗaya a ce masa, "Alhaji, ya ƙone, sai dai sabo." A zaro tsohon, a sa filaya a datse wayoyin mota, a murɗa su da na sabon, a naɗe da salatif. Ranar ana murna. Bayan sati biyu batir ya fara kwana babu wuta, tashoshin da aka ajiye suna gogewa, sifika ɗaya ta ɗauke, maɓallan sitiyari sun daina aiki. Kuɗin da aka yi gudun kashewa sai a kashe ninkinsa.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe guda ne. A mafi yawan lokuta akwatin rediyon shi ne na ƙarshe da ya kamata a zarga, kuma wayoyin da mota ta zo da su daga kamfani dukiya ce da ba a datsewa. Wanda ya fahimci hanyar da sauti ke bi kafin ya iso kunnensa zai san inda zai sa kuɗinsa.

Hanyar da sauti ke bi

Tun daga 1930, lokacin da kamfanin su Galvin a Amurka ya fara sayar da rediyon mota mai suna Motorola, tsarin bai canza sosai ba. Kaset ya zo ya wuce, faifan CD ya zo yana wucewa, yanzu zamanin filasha da Bluetooth ne, amma sassan huɗu ne har gobe: wuta, eriya, akwati, da sifiku.

Wuta daga batir take zuwa, kuma ta waya biyu take shiga. Ɗaya tana ɗauke da wuta dare da rana, ko an cire makulli. Ita ce ke riƙe wa rediyo agogo da tashoshin da ka ajiye. Ta biyu ba ta kawo wuta sai an murɗa makulli, aikinta ta ce wa rediyo ya farka ko ya kwanta. Sai waya ta uku, wadda masu gyara ke kira as, da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota don wutar ta samu hanyar komawa batir. Kowace daga cikin biyun farko tana da fis ɗinta, kuma sau da yawa akwai fis na uku a bayan akwatin kansa.

Eriya ita ke kamo tasha daga iska. A tsofaffin motoci irin Peugeot 504, waɗanda kamfanin PAN da ya fara aiki a Kakuri a 1975 ya daɗe yana haɗawa, sanda ce ta ƙarfe da kowa ke gani. A motocin baya-bayan nan kuwa siraran layuka ne a jikin gilashin baya, ko ɗan tsiro a kan rufi, kuma galibi suna da wata 'yar na'urar ƙara ƙarfi da ita ma take buƙatar wuta.

Akwati shi ne abin da ke cikin dashbod. A cikinsa akwai sashen da ke zaɓar tasha, da sashen kaset ko CD, da wani ɗan baƙin ai-si da aka manna a jikin ƙarfe mai shan zafi. Wannan ai-si shi ke ɗaukar siririn sauti ya ba shi ƙarfin da zai motsa sifika. A wasu motocin, kamar Camry masu tambarin JBL a jikin sifika, wannan aikin ba a cikin akwati ake yinsa ba. Akwai amfilifaya daban da aka ɓoye a ƙarƙashin kujera, ko bayan dashbod, ko cikin but.

Sifika kuwa abu ne mai sauƙi: maganaɗisu, da naɗin siririyar waya, da faifan takarda ko roba. Wuta ta bi naɗin, ya yi gaba ya yi baya, faifan ya tura iska, kunne ya ji murya. Kowace sifika tana da wayoyinta biyu daga akwati.

Idan ɗaya daga cikin huɗun nan ya samu matsala, mai mota abu ɗaya yake cewa: rediyo ya lalace. Aikin mai hankali shi ne ya gano wanne ne.

Alamar ciwo ita ke nuna wurinsa

Idan rediyo ya mutu murus, babu haske babu motsi, fara da fis. Buɗe akwatin fis na ƙarƙashin sitiyari da na cikin bonet, murfinsu na ɗauke da zanen da ke nuna na rediyo. Ka duba har da na fitilar rufi da na wurin cajin waya, domin a motoci da yawa layi ɗaya suke bi da rediyo. Fis ɗin rediyo yawanci mai lamba 10 ne ko 15, ja ko shuɗi. Idan ya tsinke, a sa irinsa daidai. Kada ka yarda a naɗa masa zaren waya ko takardar kwalin sigari. Fis an yi shi ne don ya mutu a madadin mota. Idan aka hana shi mutuwa, wayoyin cikin dashbod ne za su yi zafi, daga nan kuma sai gobara. In an sa sabo ya sake tsinkewa nan take, to akwai inda waya ta goge tana taɓa ƙarfe, kuma a nan aikin yake.

Idan yana kamawa amma kullum ka kashe mota sai agogo da tashoshi su goge, wayar da ke riƙe wuta dare da rana ce ba ta kawowa, ko kuma an juya ta da ta makulli. Wannan ya zama ruwan dare a Golf da Vectra da aka sa wa sabon rediyo, saboda kamfanonin Volkswagen da Opel sun sauya wa waɗannan wayoyi biyu mazauni a cikin soket. Gyaran bai wuce musanya waya biyu ba.

Idan fuskar rediyon na haske, lambobi na tafiya, amma babu sauti ko kaɗan, abu uku ake dubawa. Ko wayar wata sifika ta taɓa jikin mota har akwatin ya ɗauke sauti don kare kansa, ko amfilifayar da ke ɓoye ba ta samun wuta, ko ai-sin sauti ya ƙone. Ko da na ukun ne, ba a yar da akwati saboda shi. Masu gyaran rediyo da talabijin suna cire shi da dalma su sa wani. Amma a nemo abin da ya ƙona shi tukuna, in ba haka ba sabon ma zai bi sahu.

Idan gefe ɗaya ne ya yi shiru, shiga wurin daidaita sauti ka tura shi hagu, dama, gaba, baya, har ka gane sifikar da ba ta magana. Kafin ka ce ta mutu, buɗe ƙofar ka duba robar nan mai kama da maƙogwaro da wayoyi ke bi daga jikin mota zuwa ƙofa. Buɗewa da rufewa na shekara da shekaru kan karya waya a cikinta, musamman ƙofar direba. Gwajin sifika kuma ba ya buƙatar kuɗi. Cire wayoyinta biyu, ka taɓa su a kan ƙaramin batirin tocila mai bolt 1.5. Mai rai za ta yi ƙwas, faifanta ya motsa. Da mita kuma, lafiyayyar sifikar mota takan nuna tsakanin om 3 da 4.

Sifikar da ke kakari kamar an yaga tsumma, sau da yawa soson da ya zagaye bakin faifanta ne ya ruɓe. Zafin watan Maris da Afrilu a cikin motar da aka rufe a rana, da ruwan damina da ke zurara cikin ƙofa, su ke cinye shi. Ana iya sauya soson, ana iya sake naɗin, ana kuma samun sifikar gwanjo daidai girman ramin.

Idan kaset ko CD na fita garau amma tasha ce ba ta kamuwa sai shuuu, matsalar eriya ce. Wataƙila filoginta ya zare daga bayan akwati saboda gargadar hanya, ko gindin sandar ya yi tsatsa, ko an kankare layukan gilashin baya wajen cire tinti. Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba: cajar waya mai araha da wasu fitilun zamani marasa kyau suna watsa ƙarar da ke danne tasha. Zare cajar ka saurara. Idan kuwa kana jin wani siririn kuka da ke hawa yana sauka tare da totur, wayar as ce ba ta zauna da kyau ba. A kankare fenti da tsatsa, a ɗaure ta tam a kan ƙarfe tsirara.

Ƙurar hunturu ma tana da nata aikin. Ita ke rufe idon CD har ya riƙa tofo faifai, ita ke sa maɓallin ƙara murya ya riƙa tsalle. Auduga da ɗan sifirit sun isa idon, maɓalli kuma akwai feshin wanke kayan lantarki. Man inji da fetur ba su da wuri a nan.

Rediyon da ya kulle kansa

Wani shirun ba lalacewa ba ne. Saboda ɓarayi, kamfanoni da dama sun sa wa rediyonsu lambar sirri. Da zarar an cire batir, ko ya mutu gaba ɗaya, rediyon sai ya ɗauka sace shi aka yi, ya ƙi aiki sai an ba shi lambarsa. Na Honda yakan rubuta CODE, na Volkswagen yakan rubuta SAFE. An sha zubar da lafiyayyen rediyo saboda wannan kawai.

Nemi lambar a cikin littafin mota, ko a ɗan katin da ya zo da shi, ko a takardar da akan manna a cikin aljihun dashbod. Ta Honda yawanci lamba 5 ce, ta Volkswagen 4. A Honda da yawa na shekarun 2000, idan ka danne maɓalli na 1 da na 6 tare sannan ka kunna, rediyon zai nuna lambar jikinsa, wadda da ita ake nemo ta sirrin. Kada ka yi ta canke, domin bayan wasu kurakurai yakan kulle, sai an bar shi a kunne kamar awa guda kafin ya sake karɓa. Wasu Peugeot na baya-baya kuma, har da 406 na ƙarshe-ƙarshe, rediyonsu na gane lambar jikin motarsa ne. Idan ka ɗauko na wata motar ka sa, zai yi aiki amma yana ƙara tit-tit a kai a kai, sai an haɗa da kwamfuta an rubuta masa lambar motarka. Darasin dai shi ne, ka san lambarka tun kafin ranar sauya batir. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya sa Camry ba ta zama daidai a kan Nagarta

Ga wani abu da ke ɗaure wa mutane kai. Duniya ba ta raba tashoshi iri ɗaya ba. A Afirka da Turai, tashoshin AM tazarar kilohaz 9 ke tsakaninsu, shi ya sa Nagarta take kan 747, Rediyon Najeriya na Kaduna kuma kan 594. A Amurka da Kanada tazarar 10 ce. Motar da aka yi don kasuwar Amurka, kamar yawancin Camry da Accord da Corolla da ke shigo mana, rediyonta daga 740 sai 750, ba ya taka 747. A cikin Katabu, kusa da inda tashar ke tashi, za ka ji ta a 750 ko da muryar ba ta fita tas ba. Kana yin nisa sai ta dusashe tun kafin ta motar Turai da ke gefenka. Rediyon lafiyarsa ƙalau, ƙasar da aka yi shi dominta ce daban.

A FM kuma rediyon Amurka mara kawai yake takawa bayan ɗigo: 1, 3, 5, 7, 9. Mun yi dace a Kaduna, domin tashoshi irin su 90.9 da 92.1 da 92.9 da 96.1 da 97.7 duk a kan mara suka faɗa. Wanda ya fi wahala shi ne rediyon da aka yi don cikin ƙasar Japan, domin tsofaffinsu daga 76 suke farawa su tsaya a 90, ke nan yawancin tashoshinmu sun fi ƙarfinsu. Akwai 'yar na'urar da ake sawa a layin eriya ta sauko da tashoshin, sai dai lambar da za ka gani a fuska ba za ta zama ta gaskiya ba. Duk mai sayen rediyon gwanjo ya murɗa shi daga farko zuwa ƙarshe ya ga iyakarsa kafin ya biya.

Ƙara wa tsohon abin da ya rasa

Da yawa daga masu son sauya rediyo, nasu bai lalace ba. Abin da suke nema shi ne su saurari abin da ke cikin waya ko filasha. Wannan kuwa ana samunsa ba tare da an kwance dashbod ba.

Mafi sauƙi ita ce 'yar na'urar da ake cusawa a wurin caji. Tana karɓar sauti daga waya ta Bluetooth, ta watsa shi kamar ƙaramar tashar FM, rediyon mota ya kama. Sirrinta shi ne a zaɓi lambar da babu tasha a kai ko kusa. A cikin gari, inda tashoshi suka yi yawa, takan ɗan yi shuu. Mai rediyon kaset yana da hanyar da ta fi wannan tsabtar sauti, wato kaset ɗin nan mai jela da ake haɗawa da waya. Wadda ta fi duka kuwa, rediyoyin kamfani da yawa suna da wani soket a baya da aka tanada don na'urar sauya faifai. Ana sayar da ɗan akwatin Bluetooth da ke shiga wannan soket kai tsaye, sauti ya fito garau, maɓallan sitiyari na nan, fuskar mota ba ta canza ba.

Idan sauyawa ta zama dole

Wani lokaci ruwa ya shiga akwati, ko an juya kan batir wajen jona wuta daga wata motar har allon ciki ya soye. A nan sai sauyi. Abu na farko shi ne girma. Jamusawa suka fara tsayar da ma'aunin ramin rediyo, duniya ta karɓe shi a 1984, kuma har yau da sunan hukumarsu ake kiransa, wato DIN. Mai hawa ɗaya faɗinsa milimita 180, tsayinsa 50. Mai hawa biyu tsayinsa 100. Golf 3 da 406 da sauran tsofaffin motocin Turai ramin hawa ɗaya gare su, kusan kowane rediyo mai hawa ɗaya zai shiga. Motocin baya-bayan nan kuwa fuskar rediyonsu an ƙera ta ne da siffar dashbod, sai an sayi firam na wannan motar. Wasu ma, kamar Accord ta 2003 zuwa 2007, maɓallan na'urar sanyaya mota a allo ɗaya suke da rediyo. Wanda ya fizge shi ba da sani ba zai rasa sanyi tare da sauti.

Abu na biyu, wanda ya fi kowanne, shi ne soket ɗin haɗi. Kusan kowace mota ana sayar da ɗan damin wayoyi da bakinsa ɗaya ke shiga soket ɗinta na asali, ɗaya bakin kuma ya haɗu da sabon rediyo. Kuɗinsa kaɗan ne idan aka gwada da ɓarnar da yake hanawa. Da shi babu wayar mota ko ɗaya da za a datse, kuma ranar da za ka sayar da motar kana iya mayar da na asali cikin 'yan mintoci. Ka nemo shi a kasuwar Panteka ko wurin masu kayan lantarkin mota na cikin gari tun kafin a kwance komai. Idan babu sabo, a yanko soket daga bayan mataccen rediyo irin na motarka a yi haɗin da shi.

A ɓangaren sabon rediyo launin wayoyi kusan ɗaya ne a ko'ina. Rawaya ita ce wutar dindindin, ja ta makulli, baƙa as. Shuɗiya ita ke tayar da eriya ko amfilifaya, kuma mantawa da ita ne ke sa sabon rediyo ya kasa kama tashar da tsohon ke kamawa. Mai ruwan goro ta hasken dare ce. Sifiku kuma fara gaba hagu, mai ruwan toka gaba dama, koriya baya hagu, shunayya baya dama, kowace da 'yar'uwarta mai ratsin baƙi. Amma launin wayoyin jikin mota ba ya bin wannan tsari, kowane kamfani da nasa, don haka da mita ake tantance su, ba da ido ba.

Kurakurai huɗu ne suka fi cin kuɗin mutane. Na farko, haɗa ja da rawaya wuri ɗaya a kan wutar dindindin. Rediyon ba zai ƙara barci ba, zai yi ta tsotsar batir har asuba. Na biyu, ɗaure wayar sifika mai ratsin baƙi a jikin mota, ko haɗa na sifiku biyu wuri ɗaya, kamar yadda ake yi a rediyoyin da. A na zamani duka wayoyin sifika biyun suna ɗauke da wuta, wannan haɗin kuwa shi ke kashe ai-si. Na uku, juya wayoyin sifika ɗaya, sai faifanta ya riƙa ja lokacin da 'yar'uwarta ke turawa, kaurin sauti ya ɓace. Na huɗu, murɗa waya da hannu a naɗe da salatif. Zafin dashbod na narkar da gam ɗinsa. A haɗa da dalma, a rufe da robar da ke tsukewa idan ta ji zafi. Sannan gargaɗi na musamman: damin wayoyi ko soket mai rawayar riga da ka gani a jikin motar kanta, kusa da sitiyari ko ƙarƙashin kujera, na jakar iska ce. Ba a gwada shi da fitila ko batir. A cire kan batir na as kafin a fara kowane aiki.

Wanne za a saya?

Kada lambobin jikin kwali su ruɗe ka. Ko an rubuta wat 50 sau huɗu, ko fiye, ainihin abin da akwati ke iya bai wa kowace sifika daga wutar mota bai wuce kusan wat 20 ba. Wannan iyaka ce ta bolt 12 zuwa 14 da mota ke bayarwa, kuma ya ishi mai sauraron labarai da karatu da waƙa. Abin da ke ƙona sifika galibi shi ne ƙure murya har sauti ya fara tsagewa.

Zaɓi uku ne a kasuwa. Akwai sababbin ƙananan akwatuna masu filasha da memori da Bluetooth, su ne mafi araha. Sai dai da yawansu FM kaɗai gare su, babu AM sam. Mutumin Katabu da ya saba da Nagarta, ko direban da ke ratsa dajin da FM ba ta kaiwa, ya duba wannan da kyau. Akwai na gwanjo na sanannun kamfanoni irin Pioneer da Sony da Kenwood da JVC, waɗanda sau da yawa sun fi sabon mara suna kama tasha da daɗewa, kuma wasunsu ana iya sauya musu tazarar tasha daga ta Amurka zuwa tamu. Sai kuma manyan allunan Android da ake yayi. Suna da amfani, musamman taswira da kyamarar baya, amma masu arahar cikinsu kan yi nauyi, su yi zafi, wasu ma abin da aka rubuta na ƙarfin ƙwaƙwalwarsu ba shi ne a ciki ba. Araha ba ta ado. Wanda ya sa allo kuma ya tuna cewa kallon fim ana tuƙi a titin Zariya wasa da rai ne, nasa da na fasinja.

Kowanne ka zaɓa, a jona shi da batir da sifika a gabanka. A gwada layukan sifika huɗu ɗaya bayan ɗaya, a gwada AM da FM, a bar shi ya yi minti goma ka taɓa bayansa. A cire wayar ja a mayar, ka ga ko ya riƙe tasha. Ku yi magana a kan kwanakin da za ka iya dawo da shi. Kada kuma ka bar tsohon naka a shago, ka tafi da abinka.

Ga direbobin manyan motoci

'Yan'uwanmu na tirela da tanka da ke kwana a Mararraba suna da tasu matsalar. DAF da MAN da Howo batir biyu suke haɗawa su ba da bolt 24, rediyon ƙananan motoci kuwa na 12 ne. Jona shi kai tsaye ƙonewa ce nan take. Dabarar da aka saba, ta jawo waya daga batir ɗaya cikin biyun, tana aiki na ɗan lokaci, amma tana sa ɗaya ya riƙa ramewa ɗayan kuma yana shan caji fiye da kima, har su mutu tun kwanansu bai kai ba. Batirin tirela guda ya fi rediyo tsada nesa ba kusa ba. Abin da ya dace shi ne a sa na'urar da ke sauko da wuta daga 24 zuwa 12, da fis ɗinta, ko a nemi rediyon da aka yi don 24 tun asali.

Tsakaninka da mai gyara

A cikin masu wayarin ɗinmu akwai gwanaye na gaske, waɗanda suka koyi aiki shekara da shekaru a hannun iyayen gidansu. Ana gane su da abu ɗaya: mita suke fara ɗaukowa kafin filaya. Kai ma ka taimaka masa. Maimakon ka ce rediyo ya lalace, gaya masa abin da ka gani, yaushe ya fara, bayan wankin mota ne ko bayan sauya batir. Sannan ka ce masa cikin girmamawa, "Maigida, don Allah a fara duba fis da as da sifiku. In ta kama a sauya, a sa soket, kada a yanke mini waya." Ka biya shi kuɗin binciken da ya yi ko da bai sayar maka da komai ba, domin idan ladan mai gyara bai fita sai ya sayar da sabo, to sabo zai riƙa cewa a saya.

Yadda kayan waje ke bin dala, kowace naira da ta tsira a dashbod tana da wurin zuwa: taya, birki, kuɗin makarantar yara. Ka bi matakan daga mai sauƙi zuwa mai tsada, fis, as, eriya, sifika, lambar sirri, gyaran akwati, sannan sauyi. Da yawa za su tarar tafiyar ta ƙare tun a mataki na farko ko na biyu. Motar ta koma hanya da wayoyinta cikakku, direba ya murɗa makulli da asuba, ya ji sallamar mai gabatarwa tun bai wuce Birnin Yero ba.